Hancin Saje Clovis

A duk faɗin gundumarmu, kai a duk kudancin jihar Louisiana ta Amurka ma, babu hancin da ya kai na Saje Clovis Fuselier, kuma tun da ya shiga sashen 'yan sanda masu farautar masu sayar da ƙwaya hancin nan bai taɓa yin kuskure ba. Mota za ta wuce shi gilasanta a rufe, ya ce wa abokin aikinsa, "Juya mu bi ta." Karen da gwamnati ta horar ma sai ya dubi fuskar Clovis tukuna kafin ya yi haushi.

Ba a bakin kowa na ji wannan ba. Shi da kansa ya faɗa mini, ranar da ya fara zuwa gidanmu zance, yana zaune a kujerar marigayi babana, hularsa a kan gwiwa. Ni kuwa na yarda, 'yan uwa masu karatu. Na haye talatin a lokacin, ina koyar da tarihi a sakandare, kuma a garinmu Anse Noire, mace mai shekaruna in namiji mai aikin gwamnati ya ce mata hancinsa na sanin gaibu, "to" take cewa, ta ƙaro masa gahawa.

Mamata ta riga ni kamuwa da son sa.

"Noelie, ki buɗe idonki," ta ce da ni a kicin, muryarta ƙasa-ƙasa, shi yana falo. "Mutum ne mai fansho. Mai inshorar asibiti. Yana zuwa coci ba sai an ja shi ba. Me kike jira kuma, mala'ika?"

"Mama, ya cika maganar kansa."

"Ubanki bai taɓa maganar kansa ba. Kin dai ga abin da ya bar mana."

Kada ku ɗauka ba na son sa. Da ba na son sa da labarin nan bai kai a rubuta ba. Clovis mutum ne da in tayarki ta fashe cikin ruwan sama zai zo da kakinsa ya durƙusa a taɓo ya canza, bai ce miki komai ba sai dai bayanin yadda ake canza taya. In ya yi dariya har kafaɗunsa rawa suke. Zoben da ya ba ni na kakarsa ne, ya yi mini yawa, ya naɗa masa zare da hannunsa don kada ya faɗi.

Kakata ta wajen uwa, Eulalie, wadda kowa ke kira Mawmaw, tana zaune a ƙarshen wata hanyar ƙasa, gonakin rake sun kewaye ta. Sana'arta ɗaya tun tana budurwa, dakan file, wato garin ganyen sasafaras da muke barbaɗawa a miyar gumbo. A tsakiyar Agusta ake tsinko ganyen, a shanya a inuwa a ɗakin baya, ya bushe ƙarau, a daka a turmin da ta gada, a tankaɗe sau biyu. Kore ne shar. Tana ƙulla shi a ƙananan ledoji, kuma daga ƙarshen Agusta har sanyi ya shigo motoci ba sa yankewa a ƙofar gidanta. Matan coci, direbobin rake, matar likita, kowa ya tsaya, ya karɓi ledarsa a baranda, ya gaishe ta, ya wuce. Ba wanda ke zama, don in ka zauna sai ka ji tarihin ciwon gwiwarta daga farko.

Duk Lahadi can muke cin abinci. Clovis zai shigo ya tsaya a bakin kicin, ya rufe ido, ya ɗaga hanci sama kamar mai addu'a.

"Kaza. Tsiran alade mai hayaƙi. Albasa ta ɗan wuce wuta kaɗan."

"Uwarka ce ta wuce wuta," in ji Mawmaw. "Zauna."

"Mawmaw, kada dai ki zuba file tukunya na kan wuta. Yauƙi zai yi."

"Ji mini yaro. Saje, tun ba a yaye uwarka ba nake dakan file."

Sai ya yi dariyar nan tasa, ya ɗebi garin da yatsu ya barbaɗa a kwanonsa, ya shaƙa, ya ce duk jihar nan babu irin na Mawmaw. A wannan kam bai yi kuskure ba.

Mutum ɗaya ne ba ya dariya a teburin, yayana Alcide, Sid muke ce masa. Yana saurayi ya ji ciwo a baya wurin aikin rijiyar mai, likita ya rubuta masa ƙwayar kashe zafi, ƙwayar ta ƙare zafin bai ƙare ba, sauran kun san shi. Ya yi zaman gidan yari, ya fito da furfura a gemu. Mama ta ce ba ta da ɗaki. Tana da ɗaki. Mawmaw ce ta ce ya zo, dama kafaɗunta sun daina ɗaga taɓarya. Shi ya koma mai dakan, yana yi yana waƙa da muryar da ba ta da daɗi ko kaɗan.

"Malama," haka yake kirana, don tsokana, "Mai Hancinki yau ma ya shinshine ni a bakin ƙofa."

"Gaisawa kuka yi."

"Wa ke gaisuwa da hanci in ba kare ba?"

Gaskiyarsa. Na lura. Clovis na neman ƙarin girma a shekarar, kuma abokan aikinsa sun samu abin zolaya, tunda yayan wadda zai aura ya taɓa zaman kaso kan ƙwaya. "Saje, yaushe za a kai mu gidan surukai mu ɗanɗana?" Yana ba ni labarin yana dariya, amma kafaɗun ba sa rawa.

Wata safiyar Satumba ina tsakiyar aji wayata ta dinga kaɗawa a cikin jaka. Maƙwabciyar Mawmaw ce. Saƙo ɗaya ta turo: "Ki zo yanzu. Sun cika gidan."

Na tarar da motoci har bakin rake. 'Yan sanda sun ɓalle ƙofar gaba, ƙofar da tun da aka gina gidan ba a taɓa sa mata makulli ba, murɗawa kawai ake yi. Mawmaw na zaune a kujerar baranda da rigar barcinta mai furanni, gashinta a kwance ba ɗankwali, abin da ko ni ban taɓa gani ba. Ta rungume jakar cocinta a ƙirji. A kan teburin baranda sun jera ledojinta layi-layi, wani yana ɗaukar su hoto. Wani matashin ɗan sanda, baƙo ne daga arewacin jihar, ya buɗe ɗaya ya shaƙa, ya kama atishawa ba ƙaƙƙautawa.

"Sannu, ɗan nan," in ji Mawmaw. "A miya ake sa shi, ba a hanci ba."

Sid na kwance rub da ciki a kan ciyawa, hannayensa a ɗaure ta baya, garin file har gwiwar hannunsa. Daka yake yi suka iso.

Clovis na tsaye a bakin shinge, ya cire hula. Ladabi bai taɓa barin sa ba.

"Clovis, mene ne wannan?"

"Aiki ne, Noelie. Ki koma mota."

"Gidan Mawmaw ne!"

"Doka ba ta san gidan kowa ba. In ban yi ba, me za a ce da ni?"

Sun farke katifu. Sun zazzage garin fulawa a ƙasa. Sun kwance bayan talabijin. Ba su samu ko ƙwaya ɗaya ba, ko ganyen wiwi ɗaya, sai maganin hawan jini. Har sun fara tattara kayansu suna kauce wa idon juna, sai baƙon nan mai atishawa ya hau kujera ya shafa saman kabad ɗin ɗakin Mawmaw. Ya sauko da bindigar farautar agwagwa ta marigayi kakanmu, a naɗe cikin tsohon bargo. Tun rasuwarsa ba wanda ya taɓa ta. Gizo-gizo ya yi gida a bakinta.

Na ga fuskar Clovis a lokacin. Wallahi sauƙi ne ya sauko masa, irin na wanda ya ɓatar da makulli ya tsinci wani.

Wanda ya taɓa zaman kaso kan irin laifin Sid ba shi da izinin zama da bindiga, ko ta kakansa ce, ko ta yi tsatsa. Suka sa shi a mota. Da zai shiga ya waiwayo ya ce, "Malama, rufe turmin nan, raɓa za ta shiga."

Lauyar da gwamnati ta ba shi sunanta Madam Trahan, wata doguwa mai muryar masu shan taba, ofishinta na warin tsohuwar gahawa. Ta ajiye mini takardar rantsuwar da aka kai wa alƙali aka samo izinin binciken. Ban yi mamakin ganin sunan Clovis a ƙasa ba. Abin da ke sama ne ya ba ni mamaki, don babu ƙarya ko ɗaya a ciki.

Ta karanta mini da murya kamar mai karanta farashin kaya. Cewa an lura motoci na yawan tsayawa a gidan, ba sa daɗewa. Gaskiya ne. Cewa ana miƙa wa masu zuwa ƙananan ledoji ɗauke da wani koren abu. Gaskiya ne. Cewa wani da ya taɓa zaman kaso kan ƙwaya yana zaune a gidan, kuma an gan shi yana sarrafa koren abun a bayan gida. Gaskiya ne. Sannan a ƙarshe, cewa bisa horo da ƙwarewar mai rantsuwa, wannan ya yi daidai da yadda masu sayar da wiwi ke yi.

"Kin ga abin da babu?" ta ce.

"File."

"File. Da kakarki. Alƙalin da ya sa hannu ɗan garin nan ne. Da ya ga kalmar nan da dariya zai yi, ya ce a sayo masa biyu. Kafin a shiga gidan mutum sai an nuna wa alƙali ƙwaƙƙwaran dalili. Dalilin saurayinki ba ya tsayawa sai an cire masa kalma ɗaya, sai ya cire."

"To ai shi ke nan. Kuskure ne, a sake shi."

Ta yi wata dariya marar daɗi.

"'Yar uwa, dokar ƙasar nan tana yafe wa ɗan sanda wauta. Ƙarya ce ba ta yafe masa. In da gaske bai san garin miya ba ne, ya yi kuskure da zuciya ɗaya, bindigar na nan a matsayin shaida, yayanki zai daɗe. In kuwa ya sani ya ɓoye wa alƙali, izinin ya rushe, bindigar ta tafi da shi, yayanki ya koma daka. Saboda haka aikina in nuna saurayinki maƙaryaci ne. Aikinsa ya nuna shi wawa ne."

"Kowa ya san ya sani. Duk Lahadi a gidan yake ci."

"Kowa ba shaida ba ne. Kakarki za a ce tana kare jikanta. Shi kuma zai ce ya san miya a kwano, bai san ta a leda ba. Ina son abin da ya fito daga bakinsa shi kansa. Akwai?"

Wayata na cikin jaka a kan cinyata. Na ji ta yi nauyi kamar bulo. Don a ƙarshen Agusta, 'yan makonni kafin ya ɗaga hannu ya rantse, Clovis ya turo mini saƙo, tsakanin hoton wani kifi da ya kamo da tambayar launin rigar abokan ango:

"Ki ce wa Mawmaw ta ajiye mini leda biyu ta file ɗin nan kafin matan coci su wawashe. Na ga motoci sun fara layi."

Har da hoton zuciya a ƙarshe, ja.

Na ce wa Madam Trahan zan duba. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce an sa zaman ranar Alhamis ta sama.

Ban san yadda Mama ta ji ba. A garinmu ba a tambayar yadda aka ji. Ranar Asabar muka je gwajin rigar aure wurin tela, don ba wanda ya ce an fasa. Rigar mai dogon hannu ce, leshi har wuya, da ƙananan maɓallai a jere tun daga ƙeya har kugu. Ina tsaye a kan ɗan akwati, tela ta fita ɗauko allurai, Mama ta zo bayana tana ɓalla maɓallan ɗaya bayan ɗaya.

"An ce kina da wani abu a waya."

Na hau gyara hannun rigar.

"Noelie, da ke nake."

"Mama, ɗanki ne a rufe."

"Na san wanda na haifa." Ta ɓalla wani maɓallin. "Kina tsammani ban yi kuka ba? Na yi kukan Alcide tun kina sakandare, na gama. Na sayar da sarƙar uwata a kansa. Na je ziyara har masu gadi suka san sunana. In ya fito yau, gobe wani abin ne zai mayar da shi. Amma ke! Ke ce kaɗai abin da ya yi daidai a gidan nan."

"Bai yi komai ba wannan karon."

"To wa ya ce ya yi? Ni dai ɗa ɗaya na rasa, kada ki sa in rasa biyu. Ki tsaya a gaban garin nan ki kira mijinki maƙaryaci, sannan ki zauna a ina? Wa zai dube ki?"

Ta ɓalla na ƙarshe a wuyana. Na kalli madubi. Rigar ta yi mini kyau, abin haushin ke nan.

Da yamma Clovis ya zo da a-kori-kurarsa. Bai shigo ba, ya turo saƙo: "Ina waje." Na fita da silifas. Motar na ƙamshin man aski da lemon zaƙi, kamar kullum.

"Ban ce ki goge komai ba," ya fara. "Ni ba na cewa a ɓata shaida."

"Allah ya saka."

"Amma ki san abin da zai faru. Ɗan sandan da alƙali ya ce ya yi ƙarya a rantsuwa ya gama. Ba za a sake karɓar shaidata ba. Duk wanda na taɓa kamawa lauyansa zai dawo. Ba ƙarin girma kaɗai ba, Noelie, kakin ma."

"Me ya sa ba ka rubuta file ba?"

"Don ba file nake nema ba."

"Me ka samu?"

"Yayanki ya ɓoye. Wani ya tsegunta masa. Na ji warin abin a jikinsa, ranar Lahadin nan da ya miƙo mini shinkafa. A ƙarƙashin file ɗin yake sayarwa, wace dabara ta fi wannan? Da na rubuta file, alƙali ba zai sa hannu ba, da yaron nan ya ci gaba a gidan tsohuwa. Ku nake karewa."

Abin da ya fi ba ni tsoro, ya yarda da maganarsa. Ba ya cikin masu ƙarya suna sane, shi sai ya gama gaskata ta tukuna.

"To ranar Alhamis me za ka ce? Za ka ce wa alƙali ba ka bambance garin miya da wiwi ba? Kai? A gaban yaranka?"

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Zan ce abin da lauyan gwamnati ya ce in ce."

"Ashe hancin na kuskure."

"Hancina bai yi kuskure ba!"

Ya faɗa da ƙarfi har karen maƙwabta ya amsa. Sai kuma ya kifa goshinsa a kan sitiyarin, ya ce a hankali, "Aikin nan kaɗai na iya, Noelie." Hannuna ya tafi ƙeyarsa da kansa, ban aike shi ba.

Ranar Talata na je ganin Sid a gidan yari. Gilashi a tsakaninmu, kowa da kan tarho a kunne. Kayan da suka sa masa ruwan lemo ne, sun yi masa gajarta.

"Malama! Kin ga yadda launin nan ya karɓe ni? Ki sa abokan ango su yi irinsa."

"Ba abin dariya ba ne."

"Komai abin dariya ne in ka samu gilashi a gabanka. Yaya Mawmaw?"

"Tana nan. An gyara ƙofa. Ta ce a sa makulli."

Wannan ne kaɗai ya ɗauke masa fara'a.

Na gaya masa maganar saƙon. Na ce ranar Alhamis zan miƙa wa Madam Trahan wayar, in an kira ni in tsaya in faɗa. Na faɗa da ƙarfi, yadda nake yi wa ɗalibai in ban shirya darasi ba.

"Leda biyu," ya ce yana girgiza kai. "Shege Mai Hanci. Ni ma na daka masa su." Ya ɗan sosa gemu. "In kin yi haka, aure fa?"

"Ya mutu."

"Mama fa?"

"Za ta daina yi mini magana. Ta saba, ta yi da kai."

"Ni na cancanta." Ya matso da fuskarsa kusa da gilashin. "Malama, tambaya ɗaya. Kada ki ba ni amsar makaranta. Kina son sa?"

'Yan uwa, "a'a" gajeriyar kalma ce. Ɗalibaina na faɗin ta sau ɗari a yini. Na buɗe baki, sai na tuna zaren da ke naɗe a zoben nan, da taɓon da ke gwiwar kakinsa. Ban ce e ba, Allah ya sani ban ce ba. Na dai daɗe ban ce komai ba.

"To," in ji Sid. Ya yi murmushi. "Gashinki ya yi kyau yau."

"Zan kawo wayar, Sid."

"Na ji. Ki gaida Mawmaw."

Ranar Alhamis na sa baƙin siket da farar riga, na cire zoben na sa a aljihun jaka, na cika wayar da caji. Mama ba ta fito daga ɗaki ba. Na isa kotu da wuri. Na samu Madam Trahan a kan benci a baranda, takalmanta a gefe, tana cin biskit daga leda.

"Ga ta," na ce, na miƙa mata wayar a buɗe.

Ta karanta. Ta sake karantawa. Ta rufe ido.

"Har da zuciya," ta ce. "Da wannan da na yi masa tsirara a gaban alƙali." Ta mayar mini. "Ajiye abinki. Babu zama."

"An ɗaga?"

"Jiya da rana yayanki ya sa aka kira ni. Ya karɓi tayin lauyan gwamnati. Ya amsa ƙaramin laifi, shekara uku. Na yi masa faɗa, na roƙe shi ya jira kwana ɗaya, ya ce shari'arsa ce ko tawa? An shigar da shi gaban alƙali kafin a tashi. Wanda ya amsa laifi kuwa, ba mai sake tambayar yadda aka shiga gidan."

"Ba za a iya janyewa ba?"

"Sai shi ya nema. Ba zai nema ba." Ta kakkaɓe garin biskit daga cinyarta. "Ya ba ni saƙo. Ya ce a gaya wa Malama a tankaɗe sau biyu, ba sau ɗaya ba, don ya san halinki da gaggawa."

Ban yi kuka a nan ba. Na fito, rana ta buɗe, motocin rake na wucewa suna zubar da ganye a titi. Kafin in kai mota wayar ta kaɗa sau biyu. Na farko Mama: "Tela ta ce riga ta gama. Allah ya yi miki albarka." Na biyu Clovis:

"Na ji ya amsa laifi. Ba na murna, Allah ya gani. Amma kin ga, ban ce miki ba? Zan zo da yamma."

Ban amsa ko ɗaya ba. Na kama hanyar ƙasa.

Sabuwar ƙofar Mawmaw fara ce fat, ba ta dace da gidan ba. Na ƙwanƙwasa, karo na farko a rayuwata. Ta daɗe tana kokawa da makullin kafin ta buɗe. Ta dubi fuskata, ba ta tambaye ni komai ba, ashe Madam Trahan ta riga ta kira ta.

"Kin ci abinci?"

"A'a."

"Akwai shinkafa."

Ta ɗauko jakar cocinta, wadda duk cikin mazan nan masu bindiga ba a samu mai ƙarfin halin karɓa daga hannunta ba. Ta buɗe, ta lalubo ƙarƙashin carbi da alewar na'ana'a, ta fito da leda biyu, kore shar, an ƙulle bakinsu da irin ƙullin Sid.

"Na Saje ne. Ya ce a ajiye masa, na ajiye. Su kaɗai suka rage."

"Mawmaw, ki zubar."

"A zubar da dakan jikana?" Ta danƙa mini su a tafin hannu, ta rufe yatsuna a kai da nata. "Ki kai masa ko kada ki kai, ke kika sani. Ni dai na cika alkawari."

Ta juya ta bi ta kicin ta fita bayan gida, tana dafa bango. Na tsaya a falo da leda biyu a hannu, zobe a jaka, waya na sake kaɗawa. Can sai na ji an janye murfin turmi. Sannan taɓarya ta sauka, sau ɗaya, ba ƙarfi. Na tsaya ina jiran ta biyu.